Ƙodar Auta

Ranar da aka tabbatar cewa ƙodojin Yaya duka biyun sun daina aiki, mutum tara ne suka tsaya a barandar asibiti suna bugun ƙirji, kowa na cewa a yanka shi yanzu-yanzu a ɗauki tasa. Har da Kawu, wanda ko allura ya hango sai ya kau da kai. Ranar da aka sa don gwajin jini kuwa, Auta kaɗai ce a kan benci, da jakarta a cinya.

Kada ka ce sauran ba su da dalili. Dalili kam kowa da nasa, har da na aro. Na-tsakiya, mai bin Yaya a haihuwa, ya ce an tabbatar masa likitoci duka biyun suke kwashewa, su dasa ɗaya su sayar da ɗaya. Wa ya tabbatar masa? Wani ne a cikin mota. Shi mai bayarwar da me zai koma gida in an kwashe duka, wannan Na-tsakiya bai tsaya tambaya ba. Kawu ya ce yadda Allah ya ba mutum jikinsa haka zai mayar da shi, ba a komawa da giɓi. Aka je aka tambayi malami, ya ce babu laifi, ceton rai ne, muddin kyauta aka bayar ba ciniki ba. Sai Kawu ya tuna ashe shi ma ƙugunsa na yi masa ciwo kwanan nan. Matar Yaya ita tun farko aka gwada ta, jininta bai zo ɗaya da nasa ba, ta dawo tana kuka, kuka na gaske. Inna kuwa, mahaifiyarsu, ciwon sukari ya fitar da ita tun ba a je ko'ina ba.

Saura Auta. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, kuma da mahaifinsu ya rasu tana aji uku, Yaya ne ya zama uban. Gyaran waya yake yi a wani ɗan lungu ƙarƙashin matakalar bene, wurin da in ya miƙe tsaye sai ya sunkuya. Daga wannan lungun ya sa ta koyon ɗinki, daga nan ya saya mata kekenta na farko, ya ɗauko shi a ka har gida don kada a buga shi a mota. Yanzu ga shi sau uku a mako ana kwantar da shi awa huɗu, a jona hannunsa da injin wankin ƙoda, jininsa ya fita ta wannan tiyo ya dawo ta wancan. Ruwan sha ma an ƙayyade masa. In ƙishi ya dame shi ƙanƙara yake tsotsa, guda ɗaya, a hankali. Likita ta faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: injin yana riƙe da shi ne kawai, abin da zai tashe shi dashe ne.

"Ke ma guduwa za ki yi," in ji Yaya, da ya gan ta da auduga a hannu bayan an ɗibi jininta. "Ke da kyankyaso ke kora daga ɗaki."

"Kyankyaso daban, kai daban," ta ce. "Kai ai ba ka tashi sama."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Gwaje-gwajen sun ɗauki mako uku: jini, fitsari, hoton ciki, awon zuciya. Da a rana ɗaya aka gama su, wallahi da labarin nan ba haka ya ƙare ba. Amma mako uku lokaci ne mai tsawo ga macen da ke wuni a shagon ɗinki, inda keke uku ke gudu, bakin mutane kuma ya fi su gudu.

Anti mai shagon ce ta fara. Tana guga, ba ta ko ɗago kai ba.

"Wai da gaske ne ƙodarki za ki bayar?"

"In ta dace, Anti."

"Tafɗi! Ke da ko ɗa ɗaya ba ki ajiye ba?" Ta dangwarar da dutsen guga. "Auta, ni ba na munafunci. Mace mai ƙoda ɗaya ta gama haihuwa. Ƙodojin nan su ke tallafe da mahaifa, ɗaya nan ɗaya nan. A cire ɗaya, ciki ya zauna a kan me? Na rantse miki na san wata, shekara goma sha ɗaya ke nan da ta ba ƙanenta, ko ɓatan wata ba ta sake yi ba."

Wata mai jiran ɗinkinta ta ce ita ma ta ji haka. A ina ta ji, oho.

Anti ba muguwa ba ce, a'a. Irin mutanen nan ne dai da in magana ta shiga kunnensu sai ta fito ta bakinsu da rantsuwa a kai. Sai dai ta taɓa inda ke ciwo. Shekarar Auta shida da aure, ciki biyu ta yi, duka suka zube kafin wata huɗu. A ƙasan akwatinta akwai 'yan rigunan jarirai bakwai da ta ɗinka da ragowar yadin mutane, ba wanda ya san da su. Ranar nan sau biyu tana ɗinke hannun riga a baibai.

Da yamma ta tambayi mijinta, direban bas ne, mutum mai sanyin hali. So take ya ce je ki, ko ya ce kar ki je. Ko wanne ya faɗa da ta samu abin riƙewa. Ya daɗe yana kwance igiyar takalmi, sannan ya ce, "Jikinki ne, kuma yayanki ne. Duk abin da kika yanke ina bayanki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma dai ya bar ta ita kaɗai da abin.

Ranar sakamako Likita ta kira ta ita ɗaya, ta rufe ƙofa. Dattijuwa ce mai magana a hankali. Ofishin ƙarami ne, tebur da kujera biyu, sai wani hoton cikin mutum a bango, an shafa wa ƙodojin ja.

"Kin dace," ta ce. "Sosai ma. Jininku ɗaya, kuma jikinsa zai karɓi taki fiye da ta bare. Lafiyarki ƙalau."

Auta ta jira murna ta zo. Gabanta ne ya faɗi.

"Likita, in tambaye ki? An ce wadda ta bayar ba ta haihuwa."

"Ba gaskiya ba ne. Duba nan." Ta tashi ta nuna hoton da biro. "Ga ƙoda can sama ta baya, ga mahaifa nan ƙasa. Ba abin da ya rataye ɗaya a jikin ɗaya. Mata da yawa sun bayar, sun yi ciki, sun haihu. Abin da muke cewa, a jira kamar shekara guda bayan tiyata kafin a ɗauki ciki. Kuma ba zan ɓoye miki ba, yiwuwar hawan jini lokacin goyon ciki takan ɗan ƙaru, saboda haka sai an riƙa lura da ke sosai. Shi ke nan."

Cikin duk wannan bayanin hawan jinin ne kawai ya maƙale wa Auta. Sauran ya bi iska.

"Za ki iya rantse mini zan haihu in na bayar?"

Likita ta dube ta. "'Yar'uwa, ko da ƙodarki biyu ba zan iya rantse miki ba."

Gaskiya ta faɗa. Anti kuwa da ba ta san komai ba, ita ta rantse. Auta a tsorace take, sai zuciyarta ta bi wadda ta rantse.

Likita ta ajiye biro. "Akwai abin da muke faɗa wa duk wanda ya zauna a kujerar nan, ba ke kaɗai ba. Ba ma karɓar ƙoda daga wanda aka matsa wa. In ba kya so, ko ba ki shirya ba, ba sai kin tsaya gaban danginki kin ce kin ƙi ba. Mu za mu ce ba za a iya ɗaukar taki ba. Dalili kuma ba ma faɗa wa kowa, ko shi mara lafiyar. Yana nan tsakaninmu."

Don tausayi aka yi wannan tsarin, don kada dangi su cinye mutum ɗanye a kan ya ce a'a. Ba wanda zai ga laifinsa. Auta dai ta ga hanya a buɗe, ta bi.

"Ba ƙi na yi ba, Likita," ta ce. "Shekara ɗaya kawai. In samu ciki, in haihu, in dawo da ƙafata. Ai injin na riƙe da shi."

"Haƙƙinki ne, kuma ba zan matsa miki ba. Amma kada ki fita da abin da ba haka ba. Injin ba ƙoda ba ne. Zama a kansa yana cin jiki, musamman zuciya. Wasu sukan daɗe, wasu ba sa daɗewa."

"Yaya mai ƙarfi ne," in ji Auta.

Likita ta ja fayil ta yi rubutu.

A falon Inna, Auta ta faɗa musu, idonta a kan ledar ƙasa. "Sun ce ba za a iya ɗaukar tawa ba." Ko harafi ba ta ƙara ba. Inna ta saki salati. Na-tsakiya, kunya ba ta ishe shi ba, ya ce ai dama Allah ne ya tsare ta. Auta ta fashe da kuka, kowa ya ɗauka kukan baƙin ciki ne. Yaya ya taso da kyar ya zauna kusa da ita.

"Haba Auta. Ke kika halicci kanki? Kin je, an gwada, ba ta yi ba. Allah ya ga niyyarki. Ni ko yau na mutu na san ina da ƙanwa."

Da mari ya kwaɗa mata da ya fi mata sauƙi.

Daga ranar ta zama abin nuni a dangi. Duk baƙon da ya zo dubiya sai Inna ta jawo hannunta. "Wannan ita kaɗai ta miƙa wuya. Mazan duk suka zame." Mutane su yi ta sa mata albarka, ita kuma tana amsa amin da ɗaci a bakinta. Sai ta shiga biyan abin da hidima. Litinin, Laraba, Juma'a, ita ke raka shi wankin ƙoda. Ita ke riƙe masa jaka, ita ke ja masa bargo in sanyin injin ya kama shi, ita ke auna masa ruwan sha da ɗan kofi. Anti ta yi mita ta gaji a kan ɗinkin mutane da ke kwana.

Wata na bin wata. Cikin da ta tsaya jira bai zo ba. Duk ƙarshen wata sai ta shiga banɗaki ta fito jiki a sanyaye, ta ce wa ranta wata mai zuwa. Shi kuwa Yaya yana ta zaizayewa a gaban idonta. Hannunsa ya fara rawa, 'yan ƙananan kusoshin waya suna suɓuce masa, har ya rufe lungun ya miƙa wa maigadi makulli. Ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Matakala biyar ta asibiti sai ya huta sau biyu. Tana gani. Kada wani ya ce ba ta gani ba. Sau uku tana zuwa har ƙofar ofishin Likita, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta tuna da rigunan ƙasan akwati ta juya.

A wata na goma sha huɗu, wata Laraba, tana zaune a ɗakin jira wata mata ta zo ta zauna kusa da ita, da jaririya a kafaɗa. Mijinta ta rako ganin likita, wani ƙato mai tumbi da ke tsaye yana waya yana ƙyaƙyata dariya. Hira ta haɗa su, Auta ta ce yayanta ne a kan inji.

"Allah sarki. Mu ma mun yi wannan zaman," in ji matar. "Shekara bakwai ke nan da na ba shi tawa. Kin gan shi, yanzu ci kamar gara."

"Ke kika ba shi?" Auta ta dubi jaririyar. "Wannan fa?"

"Tawa ce mana. Ta biyu ma ke nan tun bayan aikin, yayarta na makaranta." Ta ɗan ɗaga gefen rigarta ta nuna tabo, ɗan siriri, bai kai tsawon tafin hannu ba. "Ni ma an tsorata ni, har da masu cewa ba zan ƙara ɗaukar bokiti ba. Lokacin cikin farko jinina ya ɗan hau, aka ba ni magani. Ki ce wa 'yan'uwanku su je a gwada su, wallahi ba abin da ake faɗa ba ne."

Jaririyar ta miƙo hannu ta kama ɗankwalin Auta. Auta ta zare shi a hankali, ta tashi. A baranda ta kira Anti a waya.

"Anti, matar nan da kika ce ta ba ƙanenta ƙoda, wadda ba ta sake haihuwa ba. A ina take?"

"Wace mata?" Ana jin ƙarar keke a bayanta. "Au! Ke, ni ina na san ta? A wajen kitso na ji ana faɗa. Ya maganar rigar mutanen nan, yau ma ba za ki shigo ba?"

Auta ta kashe wayar. Wannan karon ba ta ƙwanƙwasa ba, tura ƙofar ta yi.

"Likita, na shirya. A yi gobe. A yi yau in za a iya."

Likita ta gane ta nan take. Ta nuna mata kujera, Auta ta ƙi zama. Likita ta ɗauko fayil ɗin Yaya, wanda yanzu ya yi kauri har an ɗaure shi da roba, ta buɗe, ta rufe ba tare da ta karanta ba.

"Shi ya ce a sanar da iyali in sun tambaya, don haka zan faɗa miki. Watan jiya muka sake duba zuciyarsa. Ta yi rauni ƙwarai. Ba za ta ɗauki tiyata ba. In muka kwantar da shi, ba na jin zai tashi."

"To a ba shi magani ta yi ƙarfi. Zan jira. A cire tawa a ajiye masa!"

"Ba a ajiye ta haka, 'yar'uwa. Magani kuma muna ba shi."

"Da a ce wancan lokacin ne fa? Lokacin da na zauna a nan?"

Likita ta ajiye fayil ɗin. Mace ce da ba ta iya ƙarya ba, ko ta lallashi.

"Wancan lokacin zuciyarsa lafiya take," ta ce.

Bayan mako biyu aka kwantar da Yaya gaba ɗaya, numfashi ya fara gagararsa. Gado na uku daga taga, da robar iska a hancinsa. Wata rana da la'asar matarsa ta koma gida duba yara, Inna ta fita nemo ruwan zafi, ɗakin ya rage daga shi sai Auta sai wani tsoho da ke barci a gadon ƙarshe. Auta ta ja kujera har gwiwarta na taɓa ƙarfen gadon. Ta gaji da albarkar da ake sa mata. So take ko mutum ɗaya ya san wace ce ita.

"Yaya, tawa ta dace."

Ya buɗe ido. "Me?"

"Ƙodata. Tun farko ta dace. Ni na ce a faɗa muku ba za a iya ɗauka ba."

Ya yi ɗan murmushi. "Ke, zazzaɓi kike yi? Likita da bakinta..."

"Ni na sa ta. An ce mini ba zan haihu ba, na ji tsoro. Na ce in jira shekara ɗaya. Ashe ƙarya ce, Yaya, ana haihuwa, na gani da idona. Na koma na ce a ɗauka, suka ce zuciyarka..."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, murmushin yana janyewa kaɗan-kaɗan har ya ɓace. Sai ya mayar da idonsa kan silin. Ba abin da ake ji sai hucin iskar da ke shiga hancinsa.

"Wata goma sha huɗu," ya ce. "Kina riƙe mini jaka."

"Ka zage ni. Don Allah ka zage ni, ko ka ce ka yafe. Ka ce wani abu, Yaya."

Aka jiyo jan silifas ɗin Inna a baranda, tana gaisawa da ma'aikatan jinya ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya juyo da kansa da sauri, har robar ta goce.

"Share fuskarki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kada Inna ta ji wannan. Ko bayan raina. Kin ji ni?"

"Amma ka..."

"Kin ji ni?"

Ta gyaɗa kai.

Inna ta shigo da filas a hannu, ta dube su. "Me kuma ya same ta?"

"Ba komai, Inna," in ji Yaya. "Tausayina take ji."

Kwana tara ya ƙara. Kullum tana zuwa. In ta gaishe shi ya amsa, in ta gyara masa matashi ya ce sannu, kamar yadda yake ce wa mai shara da mai kawo magani. In ɗakin ya rage su biyu sai ya rufe ido. Ko barci yake yi ko ba barci ba, ba ta sani ba, kuma ba ta da bakin tambaya.

A rana ta goma da hantsi aka ja labule aka zagaye gadon. Auta ta zube a baranda. Inna, wadda ɗanta na fari ne aka rufe wa fuska yanzun nan, ita ce ta durƙusa ta rungume ta, tana shafa bayanta.

"Yi haƙuri, 'yar albarka," take cewa. "Yi haƙuri. Ke ai kin yi iya ƙoƙarinki."